A bar kalmar Hausa ko a musanya ta da ta Turanci?

Wata 'yar'uwa da ke mayar da labarin Bayajida da wasu tatsuniyoyi zuwa Turanci ta tambaya: ta bar kalmomi irin su Dodo da Magajiya yadda suke, ko ta nemo musu takwarorinsu? Malama, hanyoyin biyu duk suna aiki, amma kowace da inda take karyewa.

Musanyawa tana sa karatu ya tafi sumul, kuma ta dace da kayan da ba su riƙe labarin ba. Rijiya, guga, wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera wa Bayajida, duk ki fassara su kai tsaye. Ɓarnarta tana fitowa ne a kan sarauta da zumunta. An daɗe ana kiran Banza Bakwai "bastard states", wato ƙasashen shegu, alhali abin da labarin ya faɗa shi ne sun fito daga Karɓagari, ɗan Bagwariya, baiwar da Daurama ta ba Bayajida. A al'adarmu ɗan ƙwarƙwara ba shege ba ne, yana gado, yana ma hawa karaga. Wannan fassarar ta jefa wa Zamfara da Kabi da Yawuri da Nupe zagin da ya wuce abin da labarin ya ɗauka. Haka bora da mowa: in kika ce matar farko da ta biyu kin rushe tatsuniyar, domin bambancinsu na so ne da ƙi a wurin miji, uwargida ma tana iya zama bora.

Barin kalma yana tsare ma'ana, sai dai shi ma yana da tarko. Dodo a Turanci sunan wani tsuntsu ne na tsibirin Morishiyos wanda ya ƙare a ƙarni na 17. In kika bar shi tsirara, mai karatu a Ingila zai hango tsuntsu mai ƙiba yana haɗiye yarinya a bakin rafi. Ki rubuta shi da babban baƙi, ki haɗa shi da "ogre" a fitowarsa ta farko, daga nan ki ci gaba da Dodo kawai. In kuma kalmomin da aka bari suka wuce uku ko huɗu a shafi, mai karatu zai gaji da leƙa ƙasan shafi.

Akwai wuraren da barin ya zama dole. Macijin rijiyar Kusugu, wanda ya hana mutanen Daura ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, sunansa Sarki. In aka mayar da shi "King", laƙabin Makas-Sarki zai sa a zaci Bayajida ya kashe mai mulkin garin, alhali mace ce ke mulki. Gizo ma haka. "Spider" ba ta ɗauke da wayonsa da haɗamarsa da tsamin bakinsa, kuma wanda ya mayar da shi Anansi, gizon tatsuniyoyin Akan na Ghana, ya kwashe shi ya kai ƙasarsu.

Shawarata, ki fara jera kalmomin a takarda kafin fassara. Ki gwada kowace: in an musanya ta, wani abu zai canza a labarin? In zai canza, ki bar ta, ki saƙa bayaninta cikin jimlar da ta fara fitowa da kalmomi huɗu ko biyar. Ki tsaya kan rubutu ɗaya, kada Ƙoƙi ta zama Koki a shafi na gaba. "Ga ta nan, ga ta nanku" da "Ƙurunƙus" kuwa ki bar su da Hausa, tunda "once upon a time" ba ta jiran amsa daga yara.