Aikin sa kai a gonar inabin Bordo ta hanyar WWOOF: mu muna datsa, maƙwabta suna tugewa

WWOOF tsari ne mai haɗa masu son koyon noma da manoman da ba sa amfani da takin zamani ko maganin feshi na kamfani. A Ingila aka fara shi a 1971, wata sakatariya a Landan mai suna Sue Coppard ce ta assasa shi, yanzu kuma ƙasashe da yawa suna da reshensu. Za ka biya kuɗin rajista na shekara, ka duba jerin gonaki, ka rubuta wa wanda ya kwanta maka. Babu albashi. Kai da aikin rabin yini, mai gona da ci da makwanci da koyarwa. Reshen Faransa na yi amfani da shi a ƙarshen hunturun 2024, gab da azumi, ina hutun makaranta. Abin da ya kai ni shi ne datsar inabi a Bordo, yankin noman inabi da ke kudu maso yammacin Faransa. Ni ɗan ƙasar Zazzau ne, na ga yadda mutanen Kudan suka riƙe noman inabin ci da hannu biyu, ina so in koyi aikin a wurin waɗanda suka gaje shi kaka da kakanni.

Tambayar da kowane Musulmi zai fara yi ita ce wadda ni ma na fara yi wa kaina: ai inabin Bordo na giya ne. Gaskiya ne, kuma ban ɗauki maganar da wasa ba. A nan shafin WWOOF na intanet ya yi mini rana, domin kowace gona tana bayyana abin da take nomawa, kuma kana iya yin musayar saƙo da mai ita kafin ka ɗaga ƙafa. Na zaɓi wata ƙaramar gona a yankin Entre-deux-Mers, tsakanin kogin Garonne da na Dordogne, wadda ta mayar da wani ɓangare na inabinta zuwa ruwan inabi zalla marar sa maye, ta kuma fara dashen zaitun. Na rubuta musu ƙarara cewa ba na sha, ba na shiga ɗakin da ake tsimawa, a kan kuringar ruwan inabin da zaitun kaɗai zan yi aiki. Uwargidan ta amsa da cewa babu damuwa, kuma har na bar gidan ba su saɓa ba. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da ko wannan ba, jerin yana cike da gonakin kayan lambu da na awaki da na zuma.

Maigidan dattijo ne mai ƙarancin magana, da almakashi yake koyarwa. Salon datsar da ake kira Guyot suke yi: a cikin rassan bara duka, ka zaɓi guda mai lafiya ka bar masa idanu kamar shida zuwa takwas, shi za a lanƙwasa a ɗaure a jikin waya, sai ka bar wani ɗan guntu mai ido biyu a ƙasa don baɗi, sauran duka a yanke. A baki abu ne mai sauƙi. A gaban kuringa kuwa sai ka tsaya kana zuba ido, don duk reshen da ka yanke ya tafi ke nan, kuma yankan da aka yi ba daidai ba ƙofa ce ga cutar da ke busar da itacen daga ciki. Da farko bai ba ni almakashin ba ma. Ya sa ni bin bayansa ina zare yankakkun rassa daga waya, aikin da ke tsattsage safar hannu, reshe ya fizgo ya zabge ka a kunci cikin sanyin safiya. Sai da ya ga na fara nuna reshen da zai bari kafin ya kai hannu, sannan ya miƙo mini. Da muka shiga watan Maris, duk inda aka yanka sai ka ga ruwa garau yana ɗiga daga bakin yankan. Ya ce alamar itacen ya farka ke nan. Da gangan yake jinkirta datsa, don kada toho ya fito da wuri sanyin ƙanƙara na Afrilu ya ƙone shi, irin yadda ya yi musu mummunar ɓarna a 2021.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne abin da ke faruwa a tsallaken shingenmu. Katafila ce take bin layi tana tuge kuringa da saiwarta, a tara su tsibi-tsibi a cinna wuta, turakun da wayoyin a gefe guda. A 2023 gwamnatin Faransa da ƙungiyar masu sana'ar a Bordo suka fito da shirin tuge kusan hekta 9,500, ana biyan manomi Yuro 6,000 a kan kowace hekta. A shekarar kuma gwamnati ta ware Yuro miliyan 200 don a mayar da giyar da ta yi kwantai zuwa sinadarin masana'antu, irin wanda ake sa wa a turare da man wanke hannu. Dalilin a fili yake. A shekarun 1960 abin da Bafaranshe ɗaya ke sha a shekara ya haura lita 100, yau bai fi kusan 40 ba, matasa sun juya wa jar giya baya, ita ce kuwa mafi yawan abin da Bordo ke yi. Kasuwar Sin da ta ɗaga su a baya ita ma ta ja baya. Manyan gidajen giya masu suna a yankunan Médoc da Saint-Émilion na Bordo suna da masu sayensu. Ƙananan manoma masu sayarwa a kan sari su ne suka ji jiki: a lokacin ana maganar ƙasa da Yuro 1,000 a kan ganga mai lita 900, kuɗin da bai kai abin da aka kashe wajen nomawa ba.

Ni da ba na sha, raguwar mashaya ba abin baƙin ciki ba ce a wurina. Amma na tsaya kusa da maƙwabcin nan yana kallon kuringar da mahaifinsa ya dasa tana ci da wuta, hannuwansa a aljihu, bai ce uffan ba. Duk wanda ya taso a gidan noma ya san wannan tsayuwar, irin ta mai garke ce ranar da ya sayar da saniyarsa ta ƙarshe. Kuma barin gonar haka nan ba mafita ba ne, domin kuringar da aka yi watsi da ita matattarar cuta ce ga gonakin kusa.

Ga kuma yanayi. Zafi ya sa girbi yana zuwa da wuri fiye da yadda iyayensu suka saba, kuma irin Merlot, wanda ya fi kowane yawa a yankin, yana nuna da sauri ya tara suga fiye da kima. Shi ya sa a 2021 aka amince a gwada sababbin iri shida, ciki har da Touriga Nacional na ƙasar Fotugal da Marselan, bisa sharaɗin kada su wuce kashi 5 cikin 100 na gona. A 2022 wutar daji ta cinye dubban hektoci a Landiras da La Teste-de-Buch, a 2023 kuma damshi ya kawo fumfunar ganye mai tsanani. Maigidana maganinsa shi ne haɗin tagulla da farar ƙasa da aka ƙirƙiro a Bordo ɗin nan tun shekarun 1880, amma ruwa na sauka ya wanke shi, sai an sake fesawa.

Inda aka gaza, daga gidan ne. Ɗakin da aka ba ni akwai sanyi ƙwarai, na'urar ɗumama shi ba ta da ƙarfi. Rabin yinin da aka yi alkawari kan miƙe har la'asar idan ana tsoron ruwa, kuma sai da na buɗe baki aka rama mini da hutun yini. Babu motar haya a ƙauyen, zuwa Juma'a sai an rage maka hanya zuwa tashar jirgin ƙasa. Batun abinci kuwa uwargidan ta kyauta: kifi, ƙwai, wake da cuku, ta ware mini tukunya daban.

Ina ba ɗalibanmu da ke Turai shawarar su gwada, musamman masu niyyar komawa gida su yi noman inabi ko na itatuwa. Ka karanta abin da waɗanda suka riga ka zuwa suka rubuta a kan gonar, ka tambayi sa'o'in aiki da abinci da sufuri a rubuce. Ka nemi lokacin datsa, daga Janairu zuwa Maris, domin a nan ilimin yake. Girbin Satumba kuwa aiki ne na albashi da ke da kwangilarsa a dokar Faransa, don haka duk manomin da ya ce ka zo ka yi masa shi a kan kwano da katifa, ka nemi wata gonar.