Battlecruiser a StarCraft II: ƙarfinsa da inda yake gazawa

Battlecruiser shi ne jirgin yaƙi mafi girma da ɓangaren Terran (rundunar 'yan Adam, ɗaya daga cikin ɓangarori uku na wasan, sauran su ne Zerg da Protoss) ke ƙerawa a StarCraft II, wasan dabarun yaƙi na kamfanin Blizzard da ya fito a 2010. Kowane ɗaya yana cin ma'adinai 400 da gas 300, ya mamaye gurbi 6 cikin 200 na runduna, ƙirarsa kuma daƙiƙa 64 ce. Kafin ma a kai nan sai an gina gine-ginen da ke buɗe hanyar ƙera shi: Factory, Starport mai Tech Lab, da Fusion Core. In aka haɗa lissafi, gas 675 ke tafiya kafin jirgi na farko ya tashi, alhali rijiyar gas ɗaya kusan 160 take bayarwa a minti. Duk wannan lokacin gida na nan ba wata rundunar kirki.

Abin da kuɗin ya saya shi ne jiki mai jure ɓarna 550 da sulke 3. Sulken ne sirrinsa. Duk harbin da ya same shi ana cire masa 3, don haka harsashin Marine, sojan ƙasa na Terran, mai ɓarna 6 rabinsa ke shiga. Bindigoginsa suna harbi duk daƙiƙa 0.16, ɓarna 8 ga na ƙasa, 5 ga na sama, kuma tun gyaran 2018 yana harbi yana tafiya. Ma'aikatan abokin gaba da ke gudu ba su cika tsira ba.

Sai dai lissafin sulken nan kaifi biyu gare shi, kuma nan ne mutane da yawa ke asarar wasa. Harsashinsa ƙanana ne masu yawa, kowanne kuma sai sulken maƙiyi ya zaftare shi. Corruptor, mayaƙin sama na Zerg, yana da sulke 2, wato 5 ɗin nan ya koma 3. Idan mai Zerg ya ɗaga sulken jiragensa mataki uku kai kuma ba ka taɓa Armory ba (ginin da ake ƙara ƙarfin makami da sulke), harbinka ya faɗi zuwa mafi ƙarancin da wasan ya yarda da shi, rabin maki. Ga shi Corruptor na da ƙarin ɓarna a kan manyan jirage, 20 a kowane harbi, kuɗinsa kuma ma'adinai 150 da gas 100 kacal. Saboda haka ƙarin ƙarfin makaman jirage a Armory wajibi ne, a fara shi tun jirgi na biyu bai fito ba.

Yamato, babbar igwarsa, sai an yi bincikenta a Fusion Core da ma'adinai 150 da gas 150. Tana zuba ɓarna 240 a kan abu ɗaya daga nisa 10, ba ruwanta da sulke, sannan a jira daƙiƙa 71. Harbi ɗaya ya isa ya kashe Corruptor, ko Viking (jirgin yaƙin Terran), ko Queen (mai tsaron sansanin Zerg). Void Ray, jirgin Protoss, kuwa, da jiki da garkuwa 250 ne, zai tsira da 10. Kuskuren da aka fi yi shi ne a zaɓi jirage biyar a danna Yamato a kan maƙiyi guda. A raba su, kowane jirgi da abin harinsa.

Tactical Jump ne ya fi burge ni a duk kayan aikinsa. Jirgin yana ɓacewa ya ɓullo ko'ina a taswira, ko da ba ka ganin wurin. Shi ma daƙiƙa 71 yake ɗauka kafin a iya sake yin sa, kuma yadda ake amfani da shi ne ke bambance gwani da ɗan koyo. Wanda ya yi tsalle ya faɗa sansanin maƙiyi ya ƙone hanyar dawowarsa, domin gudun jirgin 2.62 ne, kusan komai na kamo shi. Ya fi a tafi a hankali ta gefen taswira, a yi ɓarna, in jiki ya kusa rabi a yi tsalle zuwa gida inda ma'aikatan SCV huɗu ko biyar ke jira su gyara shi. Akwai ɗan tsaiko na daƙiƙa ɗaya kafin ya ɓace, kada a jira sai rai ya zo wuya.

Nisan harbinsa 6 ne kawai. Viking yana harbi daga 9, Tempest na Protoss ya fi haka nesa, duka biyun suna iya cinsa ba tare da ya taɓa su ba. A ɓangaren Zerg, Viper na fizgo shi cikin taron maƙiya, Infestor kuma na iya ƙwace shi na ɗan lokaci ya juya Yamato a kan 'yan'uwansa.

A ganina ya cancanci kuɗinsa a wurare biyu. Na farko, jirgi ɗaya ko biyu da wuri a kan Zerg, lokacin da kariyarsa Queen ce da Spore Crawler (ginin da ke harbin jirage), don a tilasta masa kashe kuɗi inda bai shirya ba. Na biyu, ƙarshen dogon wasa, da sansani huɗu zuwa sama, cikakken ƙarin makami da sulke, da rakiyar Viking. A tsakiyar wasa, musamman in an hango Spire (ginin mayaƙan sama na Zerg) ko Stargate (na Protoss) fiye da ɗaya, gas 300 ɗin ya fi amfani a tankokin Siege Tank biyu ko jiragen jinya na Medivac uku.