Wace fulawa za ka saya wa tsakar gida, wadda za ta tsallake bazara?

Yawancin masu sayen fulawa a Kano, Katsina ko Sakkwato a watan Agusta suke saye, lokacin da gari ya yi kore shar, masu sayarwa a bakin titi sun jera dashe cikin baƙar leda, kowanne sai sheƙi yake. A wannan wata babu shukar da ba ta da kyau. Watan da ya kamata mai saye ya tuna shi ne Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, rijiya ta ja baya, ɗan garuwa ya ƙara wa jarka kuɗi. Saboda haka kafin ka zaɓi launi, ka san jarka nawa za ka iya ware wa shuka a bazara, ka kuma duba ko awaki na shigowa gidan.

In ruwan saye kuke sha, bugenbiliya, fulawar nan mai hawa katanga, ita ce kan gaba. Da rani take cika da fure, ja ko fari ko ruwan goro, kuma yawan ban ruwa ganye kawai yake sa ta yi. Aibinta ƙaya, da sharar busasshen fure kullum safiya, sannan saiwarta ba ta son taɓi: ranar dashe a tsaga ledar da reza, kada a fasa dunƙulen ƙasar. Tana ƙarama akuya za ta cinye ta tas, sai an kewaye ta har ta hau katanga.

Ƙariya ta fi ta juriya, don 'yar gida ce, a dajin Sahel take fitowa da kanta. Tana tara ruwa a kumburarren gindinta, ta zubar da ganye da rani ta fitar da fure ruwan hoda. Damina ce abokiyar gabarta, ba fari ba. In ruwa ya kwanta mata ruɓewa take yi, don haka tukunya mai huji da ƙasa mai yashi ta fi mata. Amma ruwan jikinta dafi ne. Haka ma oliyanda, mai dogon ganye siriri da ake yawan shukawa a tsakiyar titi: ganyenta ko ya bushe yana kashe dabba. Gidan da ke da yara masu rarrafe ko ake ɗaure ragon layya, ban ga dalilin shigo da oliyanda ba, ƙariya kuma a ɗora ta inda hannu ba ya kai.

Lalle kuwa an raina shi ne kawai don an saba da shi. Yana yin shinge, yana jure fari, ƙananan furanninsa farare suna da ƙamshi, ga ganye na ƙunshi. Ba ma sai an saya ba, reshe daga maƙwabta ya isa idan damina ta kankama.

Inda kuɗi ke salwanta shi ne wardi da iksora, wata gajeriyar shuka mai ƙananan furanni a dunƙule. Wardin da kake gani da manyan furanni, Jos ce ta karɓe shi, don tudun Filato ya haura mita 1,200 kuma akwai sanyi. A Kano sai a tukunya, ya sha ranar safe ya samu inuwa da azahar, kuma da hunturu yake nuna kansa. Bazara na zuwa sai jinya. Iksora ita ma danshi take so, ruwan burtsatse mai zartsi yana mayar da ganyenta rawaya. Mai zama Kaduna ko Abuja zai iya gwadawa. Wanda ke Gusau ko Maraɗi ya yi tunani tukuna.

Masu rayuwar kaka ɗaya, irin su ziniya da marigol, kada ka saye su a leda. Iri ya fi araha nesa ba kusa ba. A shuka bayan ruwa ya zauna, wajen ƙarshen Yuni, cikin wata biyu sun yi fure, kuma in kan furen ya bushe ka murje ka adana na baɗi. Kaji ne matsalarsu, tonewa suke yi, sai a rufa tsohon gidan sauro ko a shimfiɗa ƙaya har su yi ƙwari. Da kaka kuma fara na sauka musu. Mai son launi a tukunya duk shekara ya nemi feriwinkil, wata ƙaramar fulawa mai fure fari ko ruwan hoda, ba ta da fitina.

Gara na bin ɗanyen taki da ɓuntu da guntun itace, don haka a sayi kashin shanu da ya ruɓe ya zama baƙi, a ɗora tukwane kan bulo. Tukunyar ƙasa tana sanyaya saiwa amma tana saurin shanye ruwa. Baƙar roba tana riƙe ruwa, sai dai a ranar bazara dafa saiwar take yi. Ruwan da ya taru a ƙarƙashin tukunya a zubar, sauro yake haifarwa. Ƙadangaru da kwaɗi a ƙyale su, ƙwari suke ci. Ciyayi masu duhu a jikin bango ne dai ba a so, don maciji na samun mafaka.

A wurin mai sayarwa, ɗaga ledar ka duba ƙasanta. In saiwa ta huda ta kama ƙasa har sai an fizge, dashen zai wahala. Juya ganye ka duba bayansa, in ka ga farin abu kamar auduga, ƙwari ne, za su bi sauran shukokinka. Ka tambaye shi ko nan aka rene ta ko kuwa mota ce ta kawo ta daga Jos ko kudu. Wadda aka rena a garinku ta riga ta saba da rana da ruwanku. In baƙuwa ce kuma ka nace, ajiye ta a inuwa kamar mako guda, ka dasa da yamma, ka ba ta ruwa nan take.