Gargaɗi Kan Masu Tallan Ƙananan Kwamfutocin Hannu Masu Kali Linux

Ɗalibai da matasan da ke koyon tsaron intanet, don Allah a yi hattara da wani talla da ke yawo a Facebook da WhatsApp da Telegram. Ana nuna wata 'yar kwamfuta da ake riƙewa a hannu, galibi uConsole ta kamfanin ClockworkPi ko wani akwati da aka harhaɗa da Raspberry Pi, 'yar ƙaramar kwamfuta mai faranti ɗaya, ga baƙin allo, ga koren rubutu na gudu, ga tambarin Kali Linux, manhajar gwajin tsaron kwamfuta. A ƙasa sai a rubuta cewa na'urar kutse ce, an riga an saka mata komai, kunnawa kawai za ka yi. Akwai masu sayar da irin waɗannan kaya tsakani da Allah, kuma ba da su muke ba. Muna magana ne kan waɗanda suka gane cewa mai saye bai san abin da zai duba ba.

A fara da manhajar. Kali Linux kyauta ce. Kamfanin OffSec ne ke fitar da ita tun 2013, an gina ta a kan Debian, wani nau'in manhajar Linux, kuma kowa na iya sauke ta daga kali.org ba tare da biyan ko kwabo ba. Haka Parrot OS, wata manhaja irinta, take. Babu lasisin saye, babu lambar buɗewa, babu kuɗin wata. Ko NetHunter Pro, nau'in Kali na wayar hannu, wadda sunanta ke kama da abin sayarwa, kyauta ce. Duk wanda ya ƙara maka kuɗi da sunan ya saka "cikakkiyar Kali" ya sayar maka da iska.

Akwai wata matsala ta gaskiya da macuta ke fakewa da ita. A watan Afrilun 2025 masu Kali suka sanar cewa sun rasa makullin da suke sa hannu da shi a rumbun manhajojinsu, suka fitar da sabo. Duk tsohon kwafin Kali da bai karɓi sabon makullin ba, idan ka buga `sudo apt update` zai ƙi, ya ce akwai makullin da ya rasa. Mai sayarwa da ya kwafi tsohon katin memori sai ya ce maka lasisinka ne ya ƙare, ka turo kuɗin sabuntawa. Gyaran layi ɗaya ne: `sudo wget https://archive.kali.org/archive-keyring.gpg -O /usr/share/keyrings/kali-archive-keyring.gpg`, sannan ka sake gwada sabuntawar, amma ba a kan katin mai sayarwa ba, za a ga dalili a ƙasa.

Batun buɗe WhatsApp ɗin wani kuwa, ƙarya ce tsagwaronta. Tun 2016 saƙonnin WhatsApp a kulle suke daga wayar mai aikawa har wayar mai karɓa, kuma masu sace asusu da yaudara suke yi, su karɓe lambar tantancewar nan mai lambobi shida daga bakin mai ita. Ko da na'urar na iyawa, shiga na'ura ko asusun wani ba da izininsa ba laifi ne a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024. Macucin ya san haka, shi ya sa yake tallan da wannan alkawarin: wanda ya sayi kaya don ya leƙa wayar matarsa ba zai iya zuwa gaban hukuma ya ce an cuce shi ba.

Sai kuɗin kafin alƙalami. Sanannen abu ne cewa mai odar uConsole daga kamfanin yakan jira watanni kafin kaya su iso, don haka da zarar wani ya ce yana da ita a ƙasa sai mutane su yi ca. Za a ce ka tura rabi a saka maka a mota, gobe a ce kwastam sun riƙe, jibi a rufe lambarka. An ga irin wannan a farkon 2023 lokacin da Flipper Zero, wata 'yar na'urar gwajin tsaro, ta yi ƙaranci a kasuwa, aka buɗe shagunan bogi a intanet ana karɓar kuɗin kirifto. Maganin sayen kifi a ruwa shi ne kiran bidiyo kai tsaye. Mai kaya ya kunna na'urar a gabanka, ya buga umarnin da kai ka faɗa masa, kana kallon allon. Wanda ya ce sai dai ya turo bidiyo, ka bar shi.

Umarnin da za ka faɗa masa uku ne: `cat /proc/device-tree/model` mai faɗin sunan ƙwaƙwalwar da ke ciki, da `free -h` mai nuna RAM, da `lsblk` mai nuna ma'ajiya. Dalili kuwa, gangar jikin uConsole ɗaya ce: allo inci 5 mai ƙwayoyin hoto 1280 sau 720, madannai, da 'yar ƙwallon da ke motsa kibiya. Ƙwaƙwalwar da ke ciki ce ke bambanta. Akwai mai Raspberry Pi CM4, akwai A-04 da A-06, akwai R-01 mai tsarin RISC-V, wadda ta fi sauran araha da rauni, kuma kwafin Kali na Raspberry Pi ba ya tashi a kanta. Daga waje ba za ka bambance su ba. Ko a cikin CM4 ɗin ma akwai mai RAM giga 1, 2, 4 da 8, kuma akwai marar Wi-Fi gaba ɗaya. Lambar samfurin na faɗin gaskiya: bayan haruffan CM4, lamba ta farko 1 ce idan akwai Wi-Fi, 0 idan babu, biyun da ke biye su ne RAM, ukun ƙarshe su ne ma'ajiyar ciki. CM4104000 na nufin akwai Wi-Fi, giga 4, babu ma'ajiyar ciki. CM4001000 kuwa babu Wi-Fi, giga 1 kacal. Idan an ce maka giga 8 ne amma `free -h` ya nuna ƙasa da giga 1, ciniki ya ƙare.

Lambobin ukun ƙarshe na da tarko nasu. CM4 mai ma'ajiyar eMMC a jikinta ba ta ganin katin memori da aka saka a ramin na'urar, domin layukan da katin zai bi su ne eMMC ta riƙe. Mai saye zai rubuta sabuwar manhaja a kati, ya saka, ya ga tsohuwar manhajar mai sayarwa ce ke tashi, ya ɗauka shi ne bai iya ba. Irin wannan sai an rubuta mata ta kebul ɗin USB da manhajar rpiboot, sau da yawa sai an ciro ta an ɗora a wani faranti mai wannan damar. Ga mai koyo, wadda lambarta ta ƙare da 000 ta fi sauƙi.

Batir ma ana cuta da shi. uConsole na cin batir 18650 guda biyu, kuma kamfanin ba ya haɗowa da su, don haka duk wanda ka tarar a ciki mai sayarwa ne ya saka. Ingantattu irin su Samsung 35E da LG MJ1 mAh 3500 suke, nauyin kowanne tsakanin giram 45 zuwa 50. Wanda aka rubuta masa 6000 ko 9900 jabu ne, babu 18650 mai wannan ƙarfin. Ɗora shi a ƙaramin sikeli, idan ya tsaya a wajen giram 30 ka san rabinsa fanko ne. Alamarsa a aiki ita ce na'ura ta mutu fuk da zarar ka soka eriyar Wi-Fi ta USB, alhali tana nuna akwai sauran caji. A Raspberry Pi, `dmesg | grep -i voltage` zai nuna maka ko wuta ta taɓa gazawa. Kada a haɗa sabo da tsoho, kuma batirin da fatarsa ta yage a fitar da shi, yana iya kama wuta.

Eriyar da ake haɗowa a ce ta kutse ce, ita ma a duba ta da `lsusb`. TP-Link TL-WN722N fitowa ta farko na da ƙwaƙwalwar Atheros AR9271, wadda ke bayyana da lambar 0cf3:9271 kuma tana aiki a Kali ba tare da wahala ba. Fitowa ta biyu da ta uku Realtek ce a ciki, kwalin kusan iri ɗaya, aikin daban. Alfa AWUS036ACM ta gaskiya za ta nuna 0e8d:7612. Sannan `iw list` zai faɗa maka ko eriyar na iya sauraron zirga-zirgar Wi-Fi, domin kalmar monitor za ta fito cikin jerin abin da take iyawa.

Duk waɗannan asarar kuɗi ce. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne katin memori da mai sayarwa ya saka da hannunsa.

Da farko katin kansa na iya zama jabu. An rubuta giga 128, ainihinsa 8 ko 16 ne, an sa shi ya riƙa yin ƙaryar girmansa. Kwanakin farko lafiya ƙalau. Ranar da sabuntawa ta wuce ainihin girman, sabon rubutu ya ɓace ko ya hau kan tsoho, fayiloli su lalace, na'ura ta ƙi tashi. A Linux ana gwadawa da `sudo f3probe --destructive /dev/sdX`, inda za ka maye sdX da sunan katin kamar yadda `lsblk` ya nuna. A kula, wannan gwajin na goge komai, kuma kuskuren harafi ɗaya zai goge maka wani faifan. A Windows akwai H2testw.

Na biyu, kuma shi ne babba: wanda ya rubuta manhajar shi ke da iko da na'urar. Cikin minti biyu zai iya saka makullinsa a fayil ɗin authorized_keys, wanda zai ba shi damar shiga daga nesa, ko ya ƙirƙiri wani asusu mai cikakken iko, ko ya dasa ƙaramin aiki da ke kiran kwamfutarsa duk lokacin da ka hau intanet. Da yake na'urarka ce ke kira zuwa waje, kasancewarka a bayan MiFi ko datar waya ba ta kare ka. Daga nan duk abin da ka buga a madannan nan yana iya gani: kalmar sirrin imel, ta banki, kalmomin walat ɗin kirifto. Idan ka haɗa ta da Wi-Fi ɗin makaranta ko wurin aiki, ka buɗe masa ƙofa zuwa can, kuma sawun da za a bi naka ne. An bai wa kura ajiyar nama ke nan. Kada a ɗauka zato ne kawai. A watan Fabrairun 2016 an kutsa shafin Linux Mint, wani nau'in Linux, aka karkatar da masu saukewa zuwa gurɓataccen kwafin 17.3 mai ɓoyayyiyar ƙofa. Idan hakan ta faru ta shafin masu manhaja da kansu, ina ga katin da wani baƙo ya miƙo maka a leda?

Ko mai sayarwa bai yi nufin sharri ba, kati ɗaya da aka kwafa wa mutum hamsin na nufin mutum hamsin masu makullan SSH, wato na shiga daga nesa, iri ɗaya, da kalmar sirri iri ɗaya, galibi suna kali da kalmar sirri kali, waɗanda manhajar ke zuwa da su tun 2020.

Za ka iya leƙawa don sanin abin da aka yi maka: `/root/.ssh` da `~/.ssh` don ganin makullan da aka saka, sai `/etc/passwd` don ganin ko akwai wani asusu mai lamba 0, wato mai cikakken iko, ban da babban asusun root, sai `sudo crontab -l` don ganin ayyukan da aka tsara su riƙa tashi da kansu, sai `sudo ss -tunap` don ganin inda na'urar ke kira. Fayil ɗin `/etc/apt/sources.list` kuma ya kamata ya nuna http.kali.org da kali-rolling. Amma rashin ganin komai ba shaidar tsabta ba ce, domin mai ikon dasa ƙofa na da ikon canza kayan da kake dubawa da su. Hukuncinmu a nan ba shi da sassauci: katin mai sayarwa ba a aiki da shi, ba a haɗa shi da intanet ko sau ɗaya.

Sayi sabon kati daga wurin da ka yarda da shi, aƙalla giga 16, gara 32. Sauke manhajar daga kali.org da kanka, ka lissafa lambar tantancewarta da `sha256sum`, ko a Windows da `certutil -hashfile` ka biyo da sunan fayil da SHA256, ka gwama da wadda ke shafin harafi da harafi. Rubuta da Raspberry Pi Imager ko balenaEtcher. Tashin farko, kafin komai, canza kalmar sirri da `passwd`.

Ga masu uConsole akwai ƙarin mataki, kuma a nan ne wasu ke komawa hannun macucin. Kwafin Kali na Raspberry Pi na yau da kullum ba ya ɗauke da direban allon uConsole, don haka na'urar za ta tashi amma allo ya tsaya baƙi. Haka ma idan `apt full-upgrade` ya maye gurbin kanel, wato zuciyar manhajar, da aka gyara wa na'urar da na gama-gari. Ba lalacewa ta yi ba, kuma ba ta buƙatar kuɗin gyara. Soka kebul a ƙaramin ramin HDMI zuwa talabijin, a yawancin lokuta za ka ga tana aiki. Hanya mafi kwanciyar hankali ga mai koyo ita ce ya yi amfani da manhajar da ClockworkPi ta fitar a shafinta na GitHub, ya ɗora kayan gwajin tsaro irin su nmap da wireshark da aircrack-ng daga rumbun Debian. Kada ya cusa rumbun Kali a kanta, haɗin na karya manhaja. Wanda ya dage sai Kali, ya zaɓi kwafin masu sa kai da suka buɗe yadda suka gina shi kowa ya gani, sannan ya riƙe kanel ɗin da `apt-mark hold` kafin sabuntawa.

Wanda ya riga ya yi aiki da katin mai sayarwa, ya kashe na'urar yanzu. Daga wata waya ko kwamfuta daban ya canza kalmar sirrin duk asusun da ya taɓa buɗewa a kanta, ya fitar da duk na'urorin da ke haɗe da asusun, ya canza ta Wi-Fi ɗin gida, ya kwashe kirifto zuwa sabon walat. Kada ya goge katin, ya ajiye shi a matsayin shaida. Wanda aka karɓe wa kuɗi kuma ya kira bankinsa a ranar, kafin a kwashe su daga asusun da suka faɗa, ya adana rasit da lambar asusun da hotunan hirar tun ba a goge ta ba, ya kai ƙara ga EFCC ko cibiyar yaƙi da laifukan intanet ta rundunar 'yan sandan Najeriya.