Keken haya na birni: daɗi gare shi, sai dai ranar da manya suka shigo gari

Jama'a salamu alaikum. Ƙannenmu da ke shirin tafiya karatu Faransa sun dame ni da tambaya kan kekunan nan da suke gani jere a bakin titi cikin bidiyo, wai da gaske ne mutum zai zare keke ya yi gaba abinsa ba mai shi a tsaye? To bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta, don in na fara bayani a majalisa nan Garwa ba a barina in kai ƙarshe. Na hau su tsawon zaman da na yi can, kuma in ce muku kwalliya ta biya kuɗin sabulu, amma akwai rana guda da abin yake juye wa mutum, ita ce ranar da wani shugaba ko babban baƙo ya zo gari aka rufe hanyoyi. Garin da na zauna ba Faris ba ne, sunansa da na kamfanin kuma na bar wa cikina, tunda tsarin kusan iri ɗaya ne ko'ina.

Yadda yake shi ne ka yi rajista a manhajarsu ta waya, ka biya kuɗin wata ko na shekara, ka samu kati. Kowace tasha tana da turaku na ƙarfe a jere, kowane keke a kulle jikin nasa turken, ka ɗora kati ka ji ƙit ya buɗe, ka ja shi baya ka hau. In ka isa inda za ka sai ka nemi tasha mafi kusa ka tura shi cikin turken da ba kowa har ka ji ya kama, fitila ta nuna maka an karɓa. Minti 30 na farko yana cikin kuɗin da ka riga ka biya, daga nan ne agogo ke fara cin aljihunka, shi ya sa za ka ga masu wayo in tafiya ta yi nisa suna ajiye keke a hanya su ɗan jira su zari wani. Sai kuma kuɗin jingina da suke riƙewa a katin banki saboda ɓata ko sata, a tsohon tsarin Faris Yuro 150 ne, in ka buga da sefa 656 ya haura jaka 98, kuɗin da zai saya maka keke naka na kanka a kasuwar Garwa har da canji. Wannan ku riƙe shi a rai don zai dawo a maganar gaba.

Keken kansa ba na gayu ba ne, nauyi gare shi wallahi, na farkon da aka zuba a Faris sun kai kilo 22, an yi su ne don su jure hannun kowa da kowa. Giya uku, kwando a gaba, fitila tana kamawa da kanta in ka fara taka feda, sirdi kuma kana ɗaga shi ko ka sauke daidai tsawonka. Akwai masu lantarki da suke tura ka a hawa, amma doka a Turai ta ce injin ya daina taimako in ka kai kilomita 25 a awa, saboda haka masu tunanin za su yi tsere da babur su haƙura. Kafin ka zara ka matsa taya biyu, ka gwada birki, ka leƙa kaca. In kuma ka ga keke an juya sirdinsa yana kallon baya kada ka taɓa shi, alama ce da mahaya suke bar wa juna cewa wannan ya lalace. Wannan ɗabi'ar ta burge ni, ba kamfani ne ya koya musu ba, su suka ƙirƙiro abinsu.

Abin ba sabo ba ne a wajensu, Liyon ta fara nata a 2005, Faris ta buɗe nata mai suna Vélib' a watan Yulin 2007 yanzu tana da tasha sama da 1,400, mu nan Afirka kuwa Marakesh ce ta fara a 2016 lokacin taron sauyin yanayi na COP22. Ni dai abin da na sani ya rage mini kuɗin bas sosai, kuma da asuba ko tsakar dare sa'ad da jirgin ƙasa na cikin gari ya tashi aiki keke yana nan yana jiranka.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Wata safiya ina da ganawa a wani ofis a tsakiyar gari kan takarduna, na zari keke daga unguwarmu lafiya lau, ina gangarowa na fara ganin motocin 'yan sanda jere da shingayen ƙarfe an haɗa su baki da baki. Na isa tashar da na saba ajiyewa na tarar wayam, ba keke ko ɗaya, turakun duk an naɗe su da jan kirtani, allon na'urar a kashe baƙi ƙirin. Na gwada tura keken cikin turke ya ƙi kamawa. Wani ɗan sanda da bindiga a ƙirji ya matso cikin ladabi dai ya ce malam nan a rufe yake, baƙo na zuwa, ka koma baya. Na ce ranka ya daɗe keken nan zan ajiye kawai in wuce da ƙafa, ya ɗaga kafaɗa ya nuna mini hanyar da na fito, ya ce shi ba ruwansa da keke, umarni aka ba shi kada komai ya tsaya a layin nan.

To na juya. Tasha ta gaba da ke wajen shinge a cike maƙil, ba turke ko ɗaya, mutane tsaitsaye kowa riƙe da keke ido a kan waya, wata dattijuwa da burodi a kwando tana ta sababi ita kaɗai, wani mai kwat ya jingina nasa da bango yana waya yana ba da haƙuri zai makara. Da zarar wani ya zo zarar keke sai ka ga mutum uku sun nufi gurbin, ba faɗa amma ana hararar juna. Wadda ke bayanta ita ma haka, ta gaba da ita haka, duk wanda aka koro daga tsakiyar gari nan ya tattaro. Kuma duk wannan zagayen agogo yana tafiya, minti 30 ya wuce tuni, kuɗi na hawa, ga fargabar jinginar nan, don ba za ka iya jingine keke ka tafi ba, a sunanka yake har sai turke ya karɓa, in aka ɗauke kai za ka biya. A ƙa'ida in ka tarar da tasha a cike kana ɗora kati a na'ura ta ƙara maka minti 15 kyauta, to amma tashar da aka kashe wa wuta wa zai ƙara maka? Sai da na koma can nesa kusan rabin hanyar gida kafin na samu gurbi, na dawo da ƙafa ina haɗa gumi cikin sanyi, ganawar da na fito dominta an ɗaga ta zuwa wani mako. Baƙon kuwa ko ƙeyarsa ban gani ba, jiniya kawai na ji daga nesa.

Daga baya wani ɗan Injamena da ke aikin kai abinci da keke ya yi mini bayani, shi ya riga ya goge. Ya ce ɗan uwa ai tun daren jiya motocin kamfani suke zuwa su kwashe kekunan cikin da'irar da za a killace, kuma matsalar ba ta tsaya a tashoshin da aka rufe ba. Kullum akwai motoci da ke zagayawa suna ɗebe kekuna daga tashar da ta cika su kai wadda ta ƙare, ranar da aka datse tituna su ma ba sa iya wucewa, sai ka ga gefe ɗaya na gari ya cushe ɗaya gefen ba keke ko na magani. Shi ya sa wahalar take kaiwa har unguwannin da baƙon ba zai ko bi ta kusa da su ba, kuma ba ta ƙarewa da tafiyarsa, sai washegari abubuwa ke daidaita.

Ni ba zan zauna in ce tsaro shirme ne ba. Mu 'yan arewacin Kamaru mun ga 2015, mun ga hare-haren bam da aka kai kasuwar Marwa da unguwar Barmare a watan Yuli, 'yan uwanmu na Injamena sun ga nasu a watan Yuni da Yuli na shekarar, mun san lokacin da aka taƙaita hawan babur da dare mutane suka haƙura don rai ya fi komai. Jami'in tsaro in ya ce ba ya son ganin mota a fake ko kwandon shara ko jerin kekuna a hanyar da shugaba zai bi, na gane dalilinsa, ko'ina ana iya ɓoye mugun abu kuma suna son gefen titi a buɗe in an samu gudu. Ba kuma Faransa kaɗai ba, a Niyok duk watan Satumba in shugabanni suka taru babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya ana rufe tashoshin keke na kewayen, a Landan an yi haka lokacin jana'izar Sarauniya Elizabeth a 2022, Faris kuwa kafin bikin buɗe gasar Olamfik na 26 ga Yulin 2024 tun daga 18 ga wata aka killace bakin kogin Sen, ba ka shiga sai da takardar izini a waya.

Abin da ya ɓata mini rai na kamfanin ne. Sun san za a rufe tunda su suka kwashe kekunan da dare, sun kuma san tashar da nake ajiyewa kullum don komai yana cikin kwamfutarsu, in wata ya ƙare saƙon biyan kuɗi ba ya kuskure wayata, to me ya hana saƙo ɗaya tak cewa gobe tasha kaza a rufe take? Sanarwar tana can ƙasan wani shafi da ba mai buɗewa, a taswira kuma tashar ta koma ruwan toka kawai, launin da take yi in intanet ɗinta ya ɗauke, wa zai bambance. Kuma tunda sun san gefen shinge zai cika, ai sai su ajiye ma'aikaci da mota a wurin yana karɓar kekuna da hannu, ko su tsayar da agogo na ranar ga kowa. Mai mota an sanar da shi a rediyo, mai bas an sauya masa hanya an liƙa takarda, mai keke ne aka bari ya gano da kansa kuma ana cajinsa kuɗin ganowar.

Kuɗin dai sun mayar, wannan in faɗi gaskiya, amma sai da na rubuta musu na haɗa da hoton turakun da aka naɗe da lokacin da ke jikin hoton, aka ɗau kwanaki kafin su amsa. Saboda haka ƙannena in kun je ku riƙa ɗaukar hoto nan take, ku riƙa leƙa labaran gari da dare, in kun ji ana cewa wani shugaba ko sarki zai zo, ko bikin ranar ƙasa na Faransa na 14 ga Yuli, ko zanga-zanga, ku ajiye keke tun daga nesa inda kuka ga gurbi ku ƙarasa da ƙafa, kada ku ce bari in matsa kusa. Ranar jarrabawa ko ganawar takardu kuwa in gari ya yi irin wannan ku bar keken nan ya huta.

Wani yayanmu a majalisa ya ce shi yana ganin in aka kawo irinsa Garwa zai ci kasuwa, daga Rumde Ajiya zuwa babbar kasuwa, a biya da Orange Money ko MoMo. Na ce masa Yaya ban ƙi ta taka ba, garin ba tudu da yawa kuma ɗalibai za su so, amma ka fara tunanin rana ta watan Maris da Afrilu da zafi ke haura 40, da ƙurar da za ta cika turakun, da ɗaukewar wuta. Sannan ka tuna yadda ake rufe hanya a ƙasar nan, duk wanda ya zauna Yawunde ya san in ayari zai fita daga fadar shugaban ƙasa ta Etudi zuwa filin jirgin Nsimalen gari tsayawa yake cak na awowi, sau da yawa sai ka iso shingen kake sani. Mai babur ɗinmu in ya ga an datse sai ya karya ta lungu ya sauke ka bayan gidan da za ka, ka miƙa masa kuɗinsa ku rabu, shi ya san yadda zai yi da babur ɗinsa. Keken turke ba shi da wannan, yana hannunka har sai ka samu inda za ka kulle shi. Na ce masa in har da gaske yake, ya fara rubuta wa zai biya kuɗin awowin da mutum ya yi a tsaye bakin shinge, shi ko ɗalibin, ya yi dariya ya ce ai sai a raba biyu, na ce to ni ban shiga ba.