Sharhi kan manhajar phyphox wajen gano kusurwar farawa a motsin kai-komo

Na yi amfani da phyphox, manhajar da ke mai da wayar hannu na'urar awo, wadda Jami'ar RWTH Aachen ta ƙasar Jamus ta fitar kyauta a 2016, wajen koyar da ɗalibaina motsin kai-komo na sifirin, kuma ta fi yi mini amfani a kan kusurwar farawa, wato φ a cikin x = A cos(ωt + φ), wadda ta fi ba yara wahala. A nan x nisan abin da ke lilo ne daga tsakiya, A iyakar nisansa, ω saurin kai-komon, t lokaci, φ kuma tana nuna inda motsin yake a farkon awo.

Mukan sa waya cikin leda mai ƙwari, mu rataye ta a sifirin, mu ja ta ƙasa mu saki. Manhajar tana da saitin jinkiri, ta yadda ba za ta fara awo ba sai bayan wasu daƙiƙoƙi, lokacin da wayar ta riga ta kama lilo. Duk sanda aka maimaita gwajin, tsawon zagaye ɗaya ba ya canzawa, amma layin da ke fuskar wayar yakan taso daga wani wuri dabam, wani lokaci daga ƙololuwa, wani lokaci daga tsakiyar gangara. Da wannan ne ɗalibai suka gane cewa φ ba halin sifirin ba ce, ta dogara ne ga lokacin da aka fara ƙidaya.

Sai dai dole malami ya yi hattara. Abin da wayar ke aunawa shi ne yadda gudu ke ƙaruwa ko raguwa, wato a, kuma tunda a = −ω²x, layin kishiyar matsayin wayar yake nunawa, don haka sai an ƙara π a kan kusurwar da aka karanto. Idan kuma aka rataye wayar kai a ƙasa, alamar za ta sake juyewa.

Manhajar ba ta fitar da φ da kanta, kuma a ganina hakan ya fi. Idan wayar tana rabin iyakar nisanta a farkon awo, cos φ = 1/2, kalkuleta za ta ba da π/3 kawai, alhali −π/3 ma ta dace. Abin da ke raba gardama shi ne gudun wayar a farkon awo, wato v = −Aω sin φ: in wayar na komawa tsakiya, amsar π/3 ce, in tana ƙara nisa, −π/3 ce. Ana iya kwashe alƙaluman zuwa Excel a tabbatar da haka. Shawarata ga mai son gwadawa ita ce ya shimfiɗa filo a ƙasa, domin leda takan yage.