Mai gyaran esin da ya fara da awo kafin ya ambaci gas

Esin ɗakin Mma, wato na'urar sanyaya ɗaki, ni na sayo shi, sabo fil a kwali, mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, da takardar taurarin nan ta Hukumar Makamashi, mai nuna tanadin wuta, manne a gabansa. Mma ta haura saba'in, tana fama da hawan jini, kuma ɗakinta shi ne na ƙarshe a gidanmu na Maamobi, rana tana dukan bangonsa tun daga azahar. Duk wanda ya kwana a Accra cikin Fabrairu da Maris ya san zafin da ke haɗe da gumi, wanda fanka ba ta yi masa komai sai juya shi.

Shekara uku yana aiki lafiya lau. Da azumin 2025 ya kama, cikin Maris, sai ya ɓullo da wani hali. A kunna shi, ɗaki ya fara sanyi, bayan minti goma sha biyar ko ashirin a ji "ƙat" daga waje, gurnanin injin ya ɗauke. Na cikin ɗaki yana nan yana hura iska, amma iska ce mara sanyi. Can kuma ya farfaɗo da kansa, ya sake mutuwa. Ya fi yin haka tsakanin magariba da tarawihi. Mma ba mai ƙorafi ba ce. Da sahur na tarar da ita zaune bakin ƙofa da mafici a hannu, ta ce, "Bar shi kawai, da can da me muka rayu?" Wannan maganar ta tsaya mini a rai.

Mai gyaran farko ko murfi bai buɗe ba. Ya ɗora hannu a bututu ya ce gas ne, ya ƙara, na biya. Kwana huɗu abin ya dawo, har ya fi da. Ya sake zuwa, ya sake ƙara gas, na sake biya.

Wani abokina mai sayar da kayan wuta a Zongo Lane ya haɗa ni da Masta, wanda saboda shi nake wannan rubutu. Shagonsa kwantena ce a gefen titin Nima, da yara biyu masu koyon aiki. Ya ce zai zo bayan la'asar, ya ce kuma kada a kashe esin kafin ya iso, yana so ya ga mutuwar da idonsa. Ya tambaye ni ko fitilar na ciki tana ƙiftawa ko tana nuna wata lamba, ko birekar ce take faɗuwa, ko akwai lokacin da aka saita a rimot. Duk babu. Ya ce to matsalar tana waje.

A nan ne na ga bambancin aiki. Ya maƙala mitarsa a waya, muka tsaya a lungu muna kallon lambobi. Injin irin wannan, in ji shi, amfiya biyar zuwa shida yake ja in yana lafiya. Namu yana ta hawa har ya wuce tara, sai ga "ƙat" ɗin nan. Ya ce in kawo bayan hannuna kusa da kwamfuresa, wato abin da ke tura gas a cikin injin waje, kada in taɓa. Zafi kamar murhu. Ya bayyana mini cewa a jikin kwamfuresa akwai wani ɗan makunni da ke yanke wuta in zafi ko jan wuta ya yi yawa, in ya huce ya mayar. "Yaya, injin nan kare kansa yake yi," in ji shi. "Sai mu nemo abin da ke dafa shi."

Ya samo abu uku, gas ɗin da aka ɗura ya zama na huɗu.

Ragar bayan injin waje ta toshe. Ƙurar hunturun shekara uku ta haɗu da damshi ta zama kamar tabo, ga shi an kafa injin a lungu, tazararsa da bango ba ta kai tafin hannu ba. Ta wannan ragar zafin ɗaki yake fita, in ta toshe zafin ya rasa hanya. Sai kafasita, gwangwanin nan da ke taimaka wa kwamfuresa tashi da juyawa. A jikinta an rubuta 35, da ya cire ta ya auna sai 21, samanta har ya ɗan kumbura. Kafin ya taɓa ta sai da ya sauke wutar da ta riƙe, ya ja wa yaransa kunne, ni ma ya ce kada in taɓa gwada wannan da kaina ko da an kashe mita.

Na ukun shi ya fi ba ni mamaki, don ba a jikin esin yake ba. Wutar gida a ƙasar nan bolt 230 ce. Ya auna a bakin mita bayan magariba ya samu 221, ya auna a bakin esin yana aiki ya samu 192. Ashe wanda ya kafa shi a da bai ja masa layinsa ba, ya jona shi ne da siririyar waya daga soket ɗin da firji da dutsen guga suke kai. Da ya buɗe soket ɗin, gefe ɗaya ya yi baƙi, robar ta fara narkewa. Lokacin buɗa-baki kowa ya kunna abinsa, wuta ta ragu, injin ya ƙara ja, ya ƙara zafi. Soket ɗin kuwa bayan gadon Mma yake. Har yanzu in na tuna sai in yi hamdala.

Game da gas ya yi mini bayanin da nake so kowane mai esi ya ji. Gas ba man fetur ba ne da ke ƙarewa da aiki, zagayawa yake yi cikin bututu rufaffe. In ya ragu, akwai inda yake yoyo, a nemo wurin a like kafin a ƙara. Namu babu yoyo, ya bi mahaɗan da ruwan sabulu a gabana. Abin da aka ɗura sau biyu ya wuce kima, shi ma yana ƙara wa kwamfuresa nauyi. Ya mayar da shi daidai da abin da aka rubuta a jikin injin.

Kwana biyu aikin ya ci. Aka wanke raga, aka sa sabuwar kafasita, aka matsar da injin daga bango a kan sabon ƙarfe, aka ja waya mai kauri daga allon bireka da birekarta ita kaɗai. Ya ƙara na'urar kariya da ke jinkirta tashi minti uku in wuta ta ɗauke ta dawo, don kwamfuresa ba ya son a tashe shi nan take. Tsohuwar kafasitar ya miƙo mini ita a leda. Kuɗin hannunsa da na kafasita ba su kai abin da na kashe a gas ba. Wayar ce ta ci kuɗi, ita ma tare muka je Zongo Lane na biya da hannuna.

Shi ma yana da nasa aibin. Rana ta biyu ya ce ƙarfe tara, sai kusan azahar ya iso, kuma in yana kan aiki ba ya ɗaga waya, ka kira sau biyar shiru. Ba ya ba da rasit sai ka nema, shaidata ta farko saƙon momo ce, wato na tura kuɗi ta waya. Yaronsa ya bar shatin hannu a bangon Mma, ni na goge. Mai gaggawa zai sha jira da shi. Duk da haka na riga na tura shi gidan ƙanwata a Madina.

Da zai tafi ya durƙusa ya gaida Mma, ya ce, "Hajiya, a bar shi a 24 ko 25, ba sai an kai shi 16 ba." Ya nuna wa ɗan autanmu yadda ake zare matatun gaban na ciki a wanke duk sati biyu, a shanya a inuwa. Mma ta sa masa albarka, ta sa aka ƙulla masa ƙosai da koko na buɗa-baki. Daren ashirin da bakwai ta yi sallarta a ɗakinta, ƙofa a rufe, har asuba injin bai tsaya ba sai in ɗakin ya yi sanyi.